Surukina Ya Mutu Yana Jiran a Saki Gulbi

Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, daga gare Shi muke, kuma can muka nufa. A kan wannan ba ni da ta cewa. Amma a kan abin da mutane suka yi da bakunansu a zaman makoki ina da ta cewa, kuma zan faɗa ko da za a ce suruka ta yi rashin kunya.

Surukina, mahaifin maigidana, ya rasu a nan Madina da hantsi. Aka yi masa salla a Harami bayan la'asar, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Mu mata ba ma shiga, don haka ban san inda aka sa shi ba. Maigidana ma da ya shiga ya ce ko yau aka mayar da shi ba zai gane kabarin ba, dutse ne irin na kowa, ba suna ba alama. Na yarda haka addini ya fi so. Sai dai in ƙasa ba za ta riƙe sunansa ba, ya kamata wani ya riƙe labarinsa daidai, domin yadda na ji ana ba da shi a ɗakina ba daidai ba ne.

Mata sun cika 'yar shiƙƙarmu, wato ɗakunanmu na haya a unguwar Ƙuba, har bakin matakala. Ina zuba gahawa ina miƙa dabino, sai wata tsohuwa haifaffiyar nan, wadda kakanninta suka zo hajji da ƙafa ba su koma ba, ta ce ai bawan Allahn nan ya yi sa'a, wanda ya samu Baƙi'a me zai yi da gulbi? Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce yau dai kunnuwan Ƙuba sun huta. Wata yarinya ta tambayi uwarta da Larabci wai mene ne gulbi, uwar ta ce mata wadi ne, irin busasshen kwarin nan nasu, amma mai ruwa, sai na ji daga baya an ce, "Nasa kam wadi ne sak." A ɓangaren maza kuma, ta bayan labule, na ji wani yana kwaikwayon muryarsa, yana cewa an sa hannu, an sa hannu, wasu suna hana shi suna dariya. Ko kwana bai yi a ƙasa ba.

Na ci gaba da zuba gahawa, kaina a ƙasa, har ta malala a tire. Suka ɗauka kuka ne, suka ce in yi haƙuri. Ba kuka ba ne.

Bari in faɗi gulbin, tunda shi ne abin dariyar. Daga wajenmu yake tasowa a Najeriya, ya tsallaka iyaka ya shiga Nijar, ya ratsa fadamar su Baba, surukin nawa, sannan ya karkato ya sake komawa Najeriya ta wani gefen. Baba yakan ce gulbi ne mai ladabi, an aike shi ya je ya dawo. A bakinsa aka haife shi. Ya ce da can in damina ta wuce ruwa kan kwanta a fadama ya janye a hankali, mutane na bin sa da dashe, albasa da tumatir da taba da rogo, kuma rijiyar garka ba ta wuce gaba biyu, jigo na ɗebowa yaro ma ya iya. Sai aka gina dam a sama, a ƙasarmu. Ruwan ya ragu, rijiyoyi suka yi ta nitsewa, igiya ta yi ta tsawo har ta gaji. Abin da ya fito da shi ke nan yana magidanci, ya zo nan ya samu kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, mai gonar dabino, ya tsufa yana ba itatuwan wani ruwa.

Ni kuwa 'yar saman ce. Ƙauyenmu a gindin dam ɗin yake, hanyar ruwa ta siminti ta bi ta gefen gonar mahaifina. Da shinkafar ruwan nan aka raine ni. Ban taɓa sanin wani ya rasa ba sai da aure ya kawo ni gidan wanda ya rasa.

Ranar da aka kawo ni na zo gaishe shi, kaina a sunkuye, domin ni mutum ce mai tsoro, ko yanzu in mota ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi in ce masu duba takardu ne. Ya tambayi garinmu. Da aka faɗa masa sai na zaci an gama da ni. Sannan ya ce to, Allah ya kawo wa Bagobiri baiwarsa har gida, kuma ɗiyar masu ruwa, a ba ta tulu ta fara biya. Kowa ya yi dariya, ni ma na saki jiki. Mu Katsinawa da Gobirawa abokan wasa ne tun kakanni, kuma da wasan nan ya yi mini ƙofa a katangar kunyar da ke tsakanin suruki da suruka. Har ya mutu ban kira sunansa ba, ban ci abinci a gabansa ba, amma in ya ce ɗiyar masu ruwa, nakan ce daga bayan ƙofa, na'am mai tsage. Yana jin daɗin wannan ƙwarai.

Mutum ne da ba ya iya ganin ruwa na zuba. In famfo na ɗiga sai ya tashi daga cin abinci ya je ya murɗe. Ruwan alwalarsa a kwano yake tarawa, ya zuba wa wani na'ana'a da ya shuka a gwangwanin madara. Ni da nake wankin yara kullum mun sha yin ta da shi a kan ruwan ɗauraya, ba da baki ba, da tari. In na zubar, sai in ji ya yi tari a ɗakinsa. Na koyi tarawa in wanke matakala da shi.

Sau ɗaya maigidana ya kai ni gonar da yake aiki, ina goye da ɗana na fari. Na gan shi ba takalmi, ya naɗe wando, fartanya a hannu. Yakan buɗe wa gindin dabino ruwa ya tsaya a ciki, in ruwan ya kai idon sawunsa sai ya toshe, ya buɗe wa na gaba. Maigidana ya ce masa ai akwai tiyo da agogo yanzu, mai gona ma ya sha faɗa masa. Ya ce shi ba da agogo yake aiki ba, da hukunci yake aiki. A zaman karatu a Harami ya ji malami ya ce a garin nan aka kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, rigimar ruwan kwari tsakanin mai gonar sama da mai gonar ƙasa, ya yanke cewa na sama ya sha har idon sawu sannan ya saki. Tun ranar da ya ji wannan bai sake zama lafiya ba. Yakan ce bai hana na sama ya fara sha ba, hakkinsa ne, amma an yi masa iyaka. Yana zaune a garin da aka yanke hukuncin, garinsu kuma na mutuwa don an ƙi bin sa. Wa zai iya yin shiru da wannan a ciki?

Sai kuma takardar. Ba ya karatun boko, ni ma nawa bai yi nisa ba, amma ya ji a rediyo tun da daɗewa cewa ƙasashen biyu sun zauna sun sa hannu a kan yadda za su raba ruwan gulaben da suka haɗa su. Wannan sa hannun shi ne sandarsa. Kowa ya zauna kusa da shi, ɗan Kano ne ko ɗan Cadi, direba ne ko mai shara, sai ya ji an sa hannu. Abin da aka kwaikwaya ke nan a makokinsa.

Shekarar da mahaifina ya zo umara, a gidanmu ya sauka. Baba ya bar masa katifarsa. Kwana na farko wasa suka yi ta yi, wannan ya ce bawana, wancan ya ce mai tsagen kaza. Kwana na biyu, bayan an ci tuwo, mahaifina ya yi kuskuren yabon shinkafarsa ta rani. Ina kicin na ji muryar Baba ta sauya. Ya tambaye shi ruwan yana kai masa ina in ya shiga gonar. Mahaifina da zuciya ɗaya ya ce wani lokaci har gwiwa. Baba ya ce to daga idon sawu zuwa gwiwa, na wa ne? Mahaifina ya ce shi bai gina dam ba, ba shi ke riƙe da makullin ƙofarsa ba, shi ma wata shekarar ba a sakar musu sai shuka ta fara ƙonewa, kuma in da Gobirawa ne a sama da ko na wanke ido ba su bari ya wuce. Baba ya ce wannan gaskiya ce, shi ya sa ba a bar abin ga halin mutane ba, aka sa hannu. Mahaifina ya ce to ya je ya sha takardar. Daga nan ba wasa. Na tsaya riƙe da ludayi ina kuka, ga ubana ga uban mijina, ban san wanda zan so ya yi nasara ba. Da asuba Baba ne ya tashe shi, ya riƙe masa hannu har Masallacin Ƙuba saboda mahaifina ba ya gani sosai. Sun dawo suna taɗin farashin awaki. Maganar ruwa ba su sake ta ba, kuma ba su janye ko kalma ɗaya ba.

Akwai wani ɗalibi ɗan garinsu da ke karatun shari'a a nan, yakan zo cin tuwo ranar Juma'a. Yaro ne mai hankali, yana son Baba. Wata rana Baba ya ce masa tunda ya yi karatu, ya rubuta musu ƙara, su manoman fadama, a kai wa alƙali, ga hukuncin Annabi ga sa hannun shugabanni, hujja biyu. Ɗalibin ya daɗe yana juya cokali kafin ya amsa. Na kasa kunne sosai, domin ni ma ina son in sani. Ya ce takardar gaskiya ce, kuma ba wasa ba ce, ƙasa in ta sa hannu ta ɗaure kanta. Ta ce a raba ruwa bisa adalci, kada na sama ya cuci na ƙasa, kuma in za a yi wani babban aiki a kan gulbi a sanar da maƙwabci. Amma alkawari ne tsakanin gwamnati da gwamnati. Manomi ba ya cikin masu sa hannu, don haka ba shi da bakin kai ƙara a kanta, sai dai gwamnatinsa ta yi magana a madadinsa in ta ga dama. Kuma adalcin ba a faɗi ko guga nawa ne ba, an bar wa kwamiti ya zauna ya auna. In ƙasashen sun saɓa, ba alƙalin da zai aika a kamo ɗaya, sai in su biyun sun yarda su je gabansa.

Baba ya ce, "Watau sai ɓarawo ya yarda kahin a yi mashi shari'a."

Ɗalibin ya ce ba haka zai faɗa ba, amma kusan haka ne.

Baba ya ce, "To mu mi muke cikin takardar?"

Ya ce, "Ku ne dalilin yin ta, Baba. Amma ba ku ne masu ita ba."

Ranar Baba bai ƙarasa tuwonsa ba. Ban ga laifin ɗalibin ba, gaskiya ya faɗa. Amma daga ranar Baba ya sauya dabara, kuma dabarar ce ta kashe masa zuciya.

Ya ce tunda sai manya ne masu baki, ai manyan nan duk nan suke zuwa. A gida talaka ba ya ganinsu, akwai ƙofa bayan ƙofa da masu bindiga. A Madina kuwa ba takalmi suke shiga masallaci kamar kowa. Kuma ya yi imani, imani na gaske har cikin ransa, cewa ba musulmin da zai iya tsayawa kusa da kabarin Annabi ya yi alkawarin ƙarya. Ya ce a ofis ana yi, a rediyo ana yi, amma a nan harshe ba zai juyu ba. Na san mutanenmu da yawa a garin nan masu wannan tunanin. Wanda ya daɗe yana shara a inuwar Harami gani yake kowa ma tsoron wurin yake ji kamar shi.

Maigidana a filin jirgi yake aiki, yana tura keken tsofaffi da marasa lafiya. Shi ya zo da labarin cewa wani babban mutum ya sauka, daga cikin waɗanda ake cewa suna zama a kan maganar ruwan. Ba zan faɗi ko daga wace ƙasa yake cikin biyun ba, ya san kansa. Baba ya sa na goge masa farar rigarsa ta Idi. Ya yi ta zarya Harami yana tsaron sahu, har ya same shi bayan sallar asuba yana fitowa daga gaisuwa a kabarin Annabi, idonsa jike da hawaye. Baba ya riƙe masa hannu a nan, ya faɗa masa fadama, ya faɗa masa rijiyoyi, ya faɗa masa idon sawu. Mutumin ya saurara, ya rungume shi, ya kira shi baba. Ya ce maganar tana kan teburinsa, bana in damina ta ɗauke za a saki ruwa daidai da yarjejeniya, ya je ya gaya wa mutanensa su shirya. Baba ya nuna masa koriyar ƙubba ya ce a gaban mai wurin nan? Mutumin ya ce a gabansa, in Allah ya yarda.

Ban taɓa ganin tsoho ya dawo gida kamar ranar ba. Ya sayo wa jikokinsa alawa, ya ɗaga ƙaramar sama, ya ce mini ɗiyar masu ruwa, an yafe maki tulun. Ɗalibin ya roƙe shi ya jira a ga ruwan tukuna. Ni ma hankalina bai kwanta ba, amma hankalina ba ya kwanciya a kan komai, shi ya sa ba wanda ke sauraron tsorona, har ni kaina. Baba ya ce takarda ce ke jiran kwamiti, wannan kuwa an yi shi a inda ba a ƙarya.

Ya buga waya gida. Ya sa babban ɗansa, yayan maigidana da ke zaune a ƙauyen, ya tara mutane ya faɗa musu. Kuma suka yarda, domin maganar daga Madina ta zo, daga bakin mutumin da bai taɓa yi musu ƙarya ba. Aka share fangalin da aka daɗe da bari. Wasu suka sayar da awaki suka sayi irin albasa. Samarin da suka saba tafiya ci-rani suka zauna. Aka yi reno, aka yi dashe har can saman fadama inda ruwa ya daina kaiwa tun kafin a haife ni.

Ba a saki komai ba. Suka yi ta jan ruwa daga rijiyoyi masu nisa har tafin hannu ya fashe, dashen ya yi ja, ya kwanta. Mutumin kuwa na ji an ce ya sake zuwa umara da azumi.

Saƙonnin murya suka fara shigowa wayar Baba. Yakan ba ni in kunna masa saboda yatsunsa sun yi kauri da aiki, don haka duk na ji su. Wani ya ce Madina ta ba shi hutu har yana wasa da cikin 'ya'yan mutane. Wata mata ba ta zage shi ba, ta dai lissafa masa sunayen awakinta. Yana zaune yana ji, in ɗaya ya ƙare ya ce sa na gaba. Na ce Baba a bari haka. Ya ce su ba su bari ba da ya ce su dasa.

Ga abin da ke ƙona ni. Wanda ya yi ƙarya a wuri mai tsarki ba wanda ya kwaikwayi muryarsa. Wanda ya gaskata shi ne ya zama abin dariya. Laifin Baba ɗaya ne, ya ɗauka kowa na jin kunyar Annabi. In wannan wauta ce, Allah ya ƙara mana irinta, ya rage mana wayon wancan. Ɗalibi ya ce ba alƙalin da ke kamo ƙasa sai ta yarda. To akwai Alƙalin da ba ya jiran yardar kowa, kuma can Baba ya riga mutumin isa.

A kwanakin nan ne ƙanwar maigidana, wadda ke aure a unguwar Sultana nan Madina, ta zo gidan. Na kawo abinci, ta ture kwanon, ta ce ba ta cin girkin 'yar waɗanda suka shanye garinsu. Na koma kicin na rasa inda zan sa kaina. Sai na ji Baba ya ce a kira ni. Ya sa na zauna a bakin ƙofa, ya jawo kwanon da ta ture, ya wanke hannu, ya ci a gabana, abin da bai taɓa yi ba. Ya ci har ya suɗe. Sannan ya ce wa 'yarsa yarinyar nan ba ta gina dam ba, ba ta yi alkawari ba, kuma ita ke wanke masa riga. Ya ce wanda ya rasa mai laifi ya kama na kusa da shi, shi ma ya zama na sama. Lokacin nan shi kansa ba ya iya cin abinci sosai. Don ni ya cusa.

Bayan haka ya daina maganar gulbi. Mutane suka ce ya warke. Ni da ke gidan na san ba warkewa ba ce. Famfo zai yi ta ɗiga yana kallo. Na zubar da ruwan ɗauraya da gangan don in ji tarin nan, ban ji ba. Ciwon da ya kwantar da shi bai daɗe ba.

Yanzu ga dalilin da ya sa abin nan ba labarin tsoho ne kawai a wurina ba. 'Ya'yana biyu a nan aka haife su, amma ba 'yan nan ba ne, kuma ba za su taɓa zama ba. Zamanmu rataye yake a iƙamar maigidana, takardar izinin zamansa, ita kuma a hannun kamfani take. Ranar da suka ce sun gama da shi, mun gama da Madina. Kullum da wannan nake kwana. In aka sa mu a jirgi, ina za mu sauka? Gonar mahaifina maza bakwai ke jiran ta. Abin da 'ya'yana suke da shi a duniya shi ne rabon ubansu a garkar Baba, wadda ya ƙi sayarwa duk tsawon shekarun nan.

Ranar da aka tashi makoki, yayan maigidana ya bugo daga ƙauye, aka sa wayar a tsakiyar ɗaki don kowa ya ji. Ya ce masu tipa sun zo, suna son garkar don ɗibar yashi, gara a sayar a raba tun tana da mai so. Ya ce shi ne ya zauna a garin yana shan kallon mutane tun shekarar albasa, ba wanda zai gaya masa zafin abin. Ya ce gulbi ya mutu, mai jiran sa ma ya mutu, kuma an gaya masa Baba ya yafe wa kowa kafin ya cika, to a rufe maganar. Maigidana ya sunkuyar da kai. Tun da abin ya faru yake ganin shi ya jawo, shi ya kawo labarin saukar mutumin, don haka ba ya iya buɗe baki a kan garkar. Na ga zai ce to.

Ina bayan labule, ƙaramar na bacci a cinyata. Ban san lokacin da na ce a gafarce ni ba.

Yayan ya ce muryar wa yake ji. Da aka faɗa masa ya ce, "Ikon Allah. Ɗiyar masu dam ce za ta gaya muna abin da za mu yi da ƙasarmu?"

Na ce, "Ita ce, Yaya. Don na ci shinkafarsa na san gulbin bai mutu ba. Na gan shi da idona, yana nan kwance bayan siminti. Riƙe shi aka yi."

Ya ce to sai in je in buɗe.

Na ce ba zan iya ba, amma maganar yafiya ba haka take ba, kuma ni ce a wurin. Ana gobe zai rasu ina ba shi kunu da cokali, limamin unguwa ya leƙo ya ce masa ya yafe wa mutane don shi ma a yafe masa. Baba ya ce zagin da aka yi masa ya yafe, dariyar ya yafe, har mutumin da ya rungume shi, abin da ke tsakaninsu ya yafe. Limamin ya ce alhamdu lillahi, ya tafi da wannan. Bayan ya fita Baba ya kalle ni ya ce, "Nawa na yafe, ɗiyata. Ruwan kuwa ba nawa ba ne balle in yafe shi. Na waɗanga ne." Ya nuna yaran da haɓarsa.

Ta wayar ana jin kukan akuya daga can. Sannan maigidana ya ɗago kai ya ce wa yayansa kowa ya yi yadda ya ga dama da rabonsa, amma nasa a auna a kafa masa duwatsu, ba na sayarwa ba ne.

An auna. An ba shi wani siririn yanki a can gefe, inda ko masu yashin ba su so. Sauran an sayar, kuma an turo mana hoton tipa tana haƙa har kusa da duwatsunmu. Yayan bai sake amsa gaisuwata ba. Maigidana ya tambaye ni me za mu yi da busasshiyar ƙasa mai rami a gefenta. Na ce ban sani ba, kuma wallahi ban sani ba. Wataƙila kwamiti ya zauna wata rana ya auna adalcin nan, wataƙila ni ma in tsufa ina jira a yi mini dariya. Amma wanda ya sayar da wurinsa a bakin gulbi ya fita daga cikin waɗanda ke bin bashin ruwa, kuma ban yarda a fitar da 'ya'yana ba. Ranar da aka ce mu bar garin nan, in aka tambayi ɗana ina za a kai shi, yana da amsa.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da ƙishirwar da ba tasa shi kaɗai ba. Ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, ka yalwata masa makwanci a cikin maƙwabtan da ya samu, ka yafe masa albasar mutane, domin Kai ka san da wace zuciya ya ce a dasa.